Kwanar da Ivo Ya Faɗi

Yau kwana biyu ke nan Tullio yana bin tseren keken mata mai zango-zango a cikin tsohuwar motarsa ta ɗaukar cuku, a ɓoye, sai ka ce mai laifi. Tun da sassafe yake hawa dutse kafin 'yan sanda su rufe hanya, ya ajiye motar a bayan wata coci ko rumbun ciyawa, ya sami gefen titi ya tsaya cikin jama'a, ya ja hula ya rufe rabin fuska. Awa biyar yakan yi yana jira. Ganin da zai yi mata kuwa bai kai a ƙirga goma ba.

Haka aka yi ranar Juma'a a kan dutsen Gavia. Ana tsakiyar Yuli, amma ƙanƙara na nan kwance a gefen hanya, iska na yankan kunne. Can sai jirgi mai saukar ungulu ya bayyana, mutane suka ɗauki ihu suna kaɗa ƙararrawar shanu.

"Ga su nan! Ga su nan!"

Mata biyar ne a gaba, Nerina ce ta uku. Ta rame a kwanakin nan, bakinta a buɗe, gumi na ɗiga daga haɓarta, tana taka feda kamar kowane taku ransa take cirewa. Tullio ya yi niyyar yin shiru. Bakinsa ne ya ƙi.

"Nerina!"

Ta ɗago. Idonsu ya haɗu. Kan keken ya ɗan karkace, ta gyara, amma kafin ta dawo hayyacinta na gaban sun ba ta tazara. Motar ƙungiyarsu tana biye, kuma mutumin da ke zaune a gaba ya juyo ya kalli Tullio sama da ƙasa har suka wuce.

A ranar daƙiƙa ashirin ta rasa.

Shekara huɗu da suka wuce babu wanda zai ce Tullio zai riƙa laɓewa don ya ga Nerina Salvetti. Ɗan gida ne. Shi da yayanta Ivo tare suka tashi a garin Grosio, tare suka koyi keke a hannun mahaifinsu Ivo, Sinyor Osvaldo, tuwon masarar gidan ma da kwanonsa ake rabawa. Ranar da Tullio ya ce yana son Nerina, tsohon dariya ya yi ya ce, "Dama wa muke ajiye wa?"

Sai wata safiya su biyu suka hau dutsen Mortirolo motsa jini. Da suka juyo za su gangaro, Tullio ya ce, cikin wasa, "Wanda ya zo gada a baya shi zai sayi kofi." Ivo ya yi dariya ya saki birki. A kwana ta goma sha ɗaya tayarsa ta zame, ya daki katangar dutse. Ko kafin a iso da shi asibiti ya cika.

Tullio da bakinsa ya faɗa wa iyayen maganar kofin. Tun daga ranar Sinyor Osvaldo bai ƙara kiran sunansa ba. Shi kuma ya rataye kekensa, ya koma wajen shanun mahaifiyarsa.

Da la'asar ɗin Juma'ar yana zaune a bakin motarsa a bayan wata ƙaramar coci, yana tauna burodin da ba ya jin ɗanɗanonsa, sai ga mutumin nan na gaban motar ƙungiya. Corrado ne, manajan ƙungiyar su Nerina, fes da shi, ko ƙura babu a takalminsa. Ya zagaya motar yana toshe hanci.

"Ashe ba wuya a gano ka. Warin cuku kawai mutum zai bi."

Tullio ya ajiye burodin.

"Ka san abin da ka jawo yau? Daƙiƙa ashirin. Shekara takwas yarinyar nan tana ɗauko wa wasu gorar ruwa, tana tare musu iska, bana na ce ita ce gaba, kowa ya yi mata aiki. Saura ƙiris ta sa rigar jagora, kai kuma ka fito daga cikin shanu kana ƙwala mata kira."

"Ban yi nufin..."

"Ai kai kullum ba ka nufi," in ji Corrado. "Wancan karon ma ba ka nufa ba."

Maganar ta soki Tullio har ƙashi. Ya miƙe tsaye, amma Corrado ko gezau.

"Bari in gaya maka don kada ka ji a bakin mutane. Na je wajen Sinyor Osvaldo, ya ba ni. Ita ma ta yi wa mahaifinta alkawarin gobe da yamma za ta ba ni amsa. A wajena tana da iyayenta, tana da sana'arta. A wajenka me take da shi? Uban da zai tsine mata da uwar da za ta mutu da baƙin ciki. In son gaskiya kake mata, tada motarka."

Ya juya ya tafi abinsa.

Tullio ya daɗe a tsaye. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne bai sami ƙarya ko ɗaya a maganar ba. Ya tattara kayansa, ya shiga mota, har ya sa makulli, sai ya ji an ƙwanƙwasa gilashi.

Nerina ce, cikin babbar rigar sanyi, gashinta a jiƙe, tana ɗingishin gajiya. Ta buɗe ƙofa ta shigo ta zauna ba tare da an ce mata bismillah ba.

"Ina za ka?"

"Gida."

"Ba sallama?"

"Ke kika ce kada in zo."

"Na ce kada ka zo, ka zo. Yanzu da ka zo, wani ya ce ka tafi, za ka tafi. Wato maganar Corrado ta fi tawa nauyi ke nan."

"Nerina, yau saboda ni kika rasa..."

"Kai, rabu da ni da daƙiƙa ashirin!" Muryarta ta karye. "Shekara huɗu na rasa, Tullio, wa ya ƙirga min su?"

Hawaye suka zubo mata. Bai san sanda nasa suka biyo ba.

"Ka san yadda gidanmu yake?" ta ce. "Mama har yau tana goge takalman Ivo ranar Asabar. Baba ba ya min magana sai ta keke: me kika ci, awa nawa kika yi, nauyinki nawa. In na ci tsere, ba ni yake gani ba, ɗansa yake gani. In na ambaci sunanka, sai ya tashi ya bar abinci. Ran nan ya ce min, 'Ranar da kika shiga gidan yaron nan, ki ɗauka 'ya'ya biyu na binne.' Ni kuma na yi shiru, na ce mai haƙuri yakan dafa dutse. To ga shi itace ya ƙare, dutsen bai nuna ba."

"Yana da gaskiya. Ni na ce a yi tseren."

"Ivo shekararsa ashirin da biyar! Wanda ko inuwarsa ce ta wuce shi sai ya bi ta? Da ba ka faɗa ba, shi zai faɗa. Kowa a Grosio ya san haka, har Baban. Wanda zai ɗora wa yake nema, kai kuma ka durƙusa ka miƙa wuya."

"To me zan yi? In raba ki da iyayenki?"

"Ka tsaya! Abin da nake roƙo ke nan. Kullum ni ke jan igiyar nan, kai kana can ƙarshenta kana neman gafara. Na gaji. Corrado ba na son sa, Allah ya sani, amma shi ko ba komai ya san abin da yake so."

Ta share fuska da hannun riga, sannan ta ce a hankali, "Gobe ta Mortirolo za mu gangaro. Ta gefen gida."

"Na sani."

"Tun ranar ban ƙara bin hanyar ba. In aka ce mu yi atisaye a can, sai in ce cikina ke ciwo. Jiya ban runtsa ba, da na rufe ido sai in ga katangar." Ta kama hannunsa, nata sanyi ƙalau. "Ka tsaya min a kwanar. Daidai wajen gicciyen Ivo. Ba sai ka yi kira ba. In na ɗago na gan ka, zan wuce lafiya, kuma da yamma zan gaya wa Corrado a'a, in gaya wa Baba ko me zai yi ya yi. In kuma na ɗago ban gan ka ba..."

"Za ki gan ni."

"Bari in ƙarasa. In ban gan ka ba, na san ka zaɓar mana ke nan. Ba zan ƙara neman ka ba, ba kuma zan tambaye ka dalili ba."

"Ko ƙasa da sama za su haɗe, za ki same ni a wurin."

Ta dube shi ta yi wani guntun murmushi mai ciwo. "Motar nan taka kuwa, gaskiyar Corrado, tana wari."

Ta fita, ya bi ta da kallo har ta sha kwanar cocin.

Asabar ta waye da ruwa. Ba mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan da ke sa kwalta ta yi santsi kamar an shafa mata mai. Jama'a duk sun tafi can ƙololuwa inda ake kallon hawa, gangaren babu kowa. Tullio ya bar motarsa a gindin dutse ya hau da ƙafa.

Kwana ta goma sha ɗaya na nan yadda ya san ta. Katangar, ƙaramin gicciyen ƙarfe mai sunan Ivo, da tsohuwar bukkar dutse a ɗan ƙasa da hanya inda makiyaya ke ajiye ciyawa. Ya tsaya a gaban gicciyen ya cire hula.

Wajen ƙarfe uku ya kunna rediyon wayarsa. Mai sharhi na ta ihu: Salvetti ta ɓalle! Ta bar su a tsakiyar hawa, ita kaɗai, ta ba su daƙiƙa talatin, ga shi ta kai arba'in!

Yana cikin saurare ya ji takun mutane a 'yar hanyar ƙafa da ta taso daga gari. Ya waiwaya.

Sinyora Ilde, mahaifiyar Nerina, ce a gaba, riƙe da furanni, ta yafa baƙin gyale. Sinyor Osvaldo na biye da sandarsa, yana haki, fuskarsa ta yi wani irin fari. Da ya ga wanda ke tsaye sai ya ja ya tsaya cak.

"Ilde, idona ne, ko kuwa?"

"Osvaldo, don Allah..."

"A nan? Yau? A kan jinin ɗana?"

Tullio ya sunkuyar da kai. "Barka da yamma, Sinyor Osvaldo. Sinyora."

"Kada ka gaishe ni! Ɗaya bai ishe ka ba, ka zo ka ga yadda ta biyun za ta ƙare? Ɓace min daga nan!"

Da jiya ne, da tuni ya bi ta daji ya gangara. Yau ƙafarsa ta ƙi.

"Ku yi haƙuri, ba zan tafi ba. Ita ta ce in tsaya. Da ta wuce, ku yi min duk abin da kuka ga dama."

"Ita ta ce?" Tsohon ya ɗaga sanda ya yo kansa. "Ita ta... ni za ka..."

Sandar ta suɓuce. Ya dafe ƙirji, bakinsa ya buɗe ba magana, gwiwoyinsa suka sage, ya zube a bakin kwalta, rabin jikinsa a kan hanya.

"Osvaldo! Wayyo Allah, Osvaldo!"

Daga sama aka fara jin jiniyar baburan 'yan sanda. Rediyon wayarsa da ta faɗi ƙasa cikin ruwa yana cewa Salvetti ta haye ƙololuwa, ta fara gangara.

Sinyora Ilde ta dubi mijinta, ta dubi hanya, ta riƙe rigar Tullio da hannu biyu. Shekara huɗu ba ta kalli fuskarsa ba sai yau.

"Kada ta gan shi! In ta fito kwanar nan ta ga ubanta a kwance, katangar za ta daka. Tullio, ɗauke shi!"

Ya ciccibi tsohon kamar ɗan maraƙi, ya gangara da shi bayan bukkar, inda ba a hangowa daga titi. Ya kwantar da shi, ya kara kunne a hancinsa. Babu numfashi. Ya yage masa riga, ya haɗa hannuwa a tsakiyar ƙirjin ya fara dannawa yadda aka koya musu a ƙungiyar masu ceto ta gari.

"Sinyora, ɗauki wayata ki kira asibiti! Ki ce kwana ta goma sha ɗaya!"

Babur na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Ƙarar jirgin ta cika kwarin.

Taku goma ne tsakaninsa da gicciyen. Taku goma, ya tsaya ta gan shi, ya dawo. Ya ɗaga kai, ya dubi ƙirjin da ke ƙarƙashin hannunsa, ya tuna abin da malaminsu yake cewa: wanda ya ɗaga hannu ya saki rai.

Bai ɗaga ba.

Ya ji ta. Ƙarar tayoyi cikin ruwa, kukan birki, ɗan shiru kamar na mai dubawa, sannan sarƙa ta ja, ta wuce. Hawayensa na sauka a kan ƙirjin mutumin da ya tsane shi, yana dannawa yana ƙirgawa da ƙarfi don kada ya fashe da kuka.

Motar asibitin da ke bin tseren ce ta tsaya da Sinyora Ilde ta fita ta tare hanya. Suka sa wa tsohon na'urar farfaɗo da zuciya, jikinsa ya zabura sau biyu, a na biyun zuciyar ta amsa. Likitar ta dubi Tullio ta ce, "Wa ya yi masa dannar nan? Ya karya masa haƙarƙari biyu, amma shi ya riƙe shi."

A asibiti aka shige da shi ciki, aka bar su a dogon benci su biyu, jiƙe sharkaf. Akwai talabijin a bango. Nan suka ga Nerina ta shiga garin Tirano ita kaɗai, mutane kamar za su tsaga gari. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta haye layi ta kifa kai a kan keke tana kuka, mai sharhi yana cewa kukan murna ne. Corrado ya rugo ya rungume ta, ba ta ture shi ba. Aka sa mata rigar jagora, aka miƙa mata furanni, idonta kamar na wadda ta dawo daga jana'iza.

Tullio ya miƙe. "Bari in kira ta."

"Dakata." Sinyora Ilde ta riƙe masa hannu. "Na yi magana da Corrado. Ya ce kada a gaya mata sai gobe bayan zangon ƙarshe. Zai ce mata ruwa ne ya hana mu zuwa, babanta ya gaji ya kwanta."

"Sinyora, mahaifinta ne fa!"

"Likita ya ce ba zai farka ba kafin gobe, sun sa shi barci. In ta ji, yanzu za ta ajiye keken ta taho, ka san ta. Saura zango ɗaya, Tullio, ɗaya tak. Abin da mutumin nan ya rayu yana jira ke nan tun ranar da muka binne Ivo. In ya buɗe ido ya ji ta bari saboda shi, ciwon da bai kashe shi ba wannan zai kashe shi."

"Ba ki gane ba. Ta ce in ba ta gan ni a kwanar ba, shi ke nan. Yau da yamma za ta ba Corrado amsa. Shi ya san haka, shi ya sa ya ce a yi shiru!"

Matar ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Da ta buɗe sai ta zame daga bencin za ta durƙusa, ya yi maza ya tare ta.

"Na san mun zalunce ka," ta ce. "Na daɗe da sani, tsoron mijina ne ya rufe min baki. Yau ka dawo min da shi, ban da bakin da zan ƙara roƙon ka komai. Amma ina roƙo. Kwana ɗaya, ɗana. Gobe ni da kaina zan gaya mata komai."

"In goben ta zo ta riga ta ba shi alkawari fa? Kin san Nerina ba ta magana biyu."

Sinyora Ilde ta kawar da kai. Kuka kawai take.

A daidai lokacin wayar ta fara ruri a hannunsa. Sunan Nerina ne a jiki. Ta yi ta yi har ta katse. Ta sake ɗaukar ruri.

Ya danna, ya kai kunne. Yana jin hayaniyar mutane a bayanta, da numfashinta.

"Na ce ba zan tambaye ka ba," ta ce, muryarta a dishe. "Ga shi na kasa. Na rage gudu, Tullio. Na duba dama, na duba hagu, har na kusa faɗuwa. Furanni kawai na gani a zube a kan hanya. Corrado yana bakin ƙofa yana jira na. Ka faɗa min abu ɗaya, ko ƙarya ce zan karɓa. Ina ka je?"

Tullio ya dubi ƙofar ɗakin da tsohon ke kwance. Ya dubi Sinyora Ilde, ta haɗa tafukanta biyu a ƙirji tana girgiza masa kai.

"Tullio? Kana ji na?"

"Ina jin ki," ya ce.

"To yi magana."

Ya rufe ido.

"Ki ci abinci, ki kwanta da wuri. Gobe akwai dutse."

Ya ji ta ɗan nisanta wayar daga bakinta, ta ce wa wani, a sanyaye, "Shigo."

Layin ya katse.